Ilimin kwamfuta da ɗalibin kasuwancin ƙasa da ƙasa ke buƙata

Jami'o'i da dama da ke koyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa kan wajabta wa ɗalibansu na shekarar farko wani darasi a kan amfani da kwamfuta, kafin su kai ga manyan darussa irin su hada-hadar kuɗaɗen waje da dokokin kwastam.

Ɗalibai da yawa kan ɗauki darasin da wasa, musamman waɗanda suka taso da wayar salula a hannu, suna ganin ai babu wani sabon abu da za a koya musu.

To sai dai iya aika saƙo ta WhatsApp daban, iya shirya lissafin kwantenar riɗi da za ta tashi daga Legas zuwa Japan kuma daban.

A cinikin da ke tsakanin ƙasashe, mai saye da mai sayarwa kan yi shekaru suna hulɗa ba tare da sun ga juna ba. Abin da ke haɗa su shi ne adadi, da kwanan wata, da lambar asusun banki, da takardun da ke kai-komo ta intanet.

Saboda haka babban abin da ake son ɗalibi ya koya shi ne yadda waɗannan abubuwa za su isa ɗaya ɓangaren duniya ba tare da ma'anarsu ta sauya a hanya ba.

Jadawalin lissafi

Ginshiƙin darasin shi ne jadawalin lissafi, wato shafin da aka rarraba gida-gida, ana zuba alƙaluma a ciki kwamfuta tana lissafawa.

Wani ɗalibin kasuwanci ne ma ya ƙirƙiro irinsa na farko a kan ƙananan kwamfutoci. Dan Bricklin yana karatu a makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard da ke Amurka lokacin da ya fara tunanin yadda za a daina sake lissafi daga farko duk lokacin da adadi ɗaya ya canza. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da manhajar VisiCalc a shekarar 1979.

Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, wadda har yanzu ita ce aka fi sani a ofisoshi.

Abin da ɗalibi zai fara koya shi ne kada ya yi lissafi a ka ko a waya sannan ya rubuta amsar a jadawali. Ana rubuta umarnin lissafin ne a cikin gidan, ta yadda idan an sauya adadi ɗaya, duk sauran za su gyara kansu.

A ɗauki misalin mai fitar da riɗi daga kasuwar Dawanau da ke Kano. Zai jera kuɗin saye, da na tsaftacewa, da na buhuna, da na mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, da na jirgi, da inshora, da cajin banki. Wasu da naira zai biya, wasu kuma da dala.

Ƙa'ida ita ce a ware gida ɗaya tak domin farashin canji, sauran gidajen su riƙa ɗauka daga can. Wanda ya ga abin da ya faru da naira zai fahimci dalili. A farkon watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500.

Wanda ya warwatsa farashin canji a wurare ashirin cikin jadawalinsa, da wuya ya tuna su duka a ranar da za a gyara.

Bayan wannan sai umarnin da ake yawan amfani da su: SUM domin tarawa, IF domin gindaya sharaɗi, da VLOOKUP ko XLOOKUP domin zaƙulo farashin kaya daga wani jeri. Akwai kuma PivotTable, wanda ke taƙaita dubban layuka zuwa ɗan ƙaramin teburi, misali cinikin kowace ƙasa a kowane wata.

Kuskuren da ya shiga tarihi

Kwamfuta ba ta tambayar ko abin da aka umarce ta da shi daidai ne. Shi ya sa malamai ke nanata binciken jadawali kafin a miƙa shi.

A shekarar 2010 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa wani nazari da ya nuna cewa bunƙasar tattalin arziki kan faɗi warwas idan bashin gwamnati ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. 'Yan siyasa masu goyon bayan tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka sun sha kafa hujja da shi.

A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya samu ainihin jadawalin, ya kuma gano cewa umarnin da ya fitar da matsakaicin adadi ya tsallake ƙasashe biyar. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsalolin da suka ce sun gani, sai sakamakon ya koma bunƙasar kashi 2.2 cikin 100, a maimakon raguwar kashi 0.1.

Marubutan biyu sun amince da kuskuren jadawalin, ko da yake sun ce bai rushe ainihin hujjarsu ba.

Haka kuma a watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta wancan lokaci ta sanar da cewa mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon nau'in yana ɗaukar 1,048,576.

Darasin da ke ciki mai sauƙi ne: a ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fita, a kuma sa wani ya sake duba lissafin.

Ɗigo da waƙafi

Wani abin da ya bambanta kasuwancin ƙasa da ƙasa da na cikin gida shi ne ba duk duniya ke rubuta adadi iri ɗaya ba.

A Najeriya da Ghana da Ingila, waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo kuma ya raba naira da kwabo. A Jamus akasin haka ake yi, ta yadda 1.500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar. A Faransa da ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ciki har da Nijar da Chadi, waƙafi ne ke zama a madadin ɗigo, sannan a bar ɗan fili tsakanin dubbai.

Ke nan ɗan kasuwar Kano da takwaransa na Maraɗi za su iya kallon adadi ɗaya, kowa ya karanta abin da ya saba da shi.

Ita kanta manhajar takan sauya harshe. A Excel ta Faransanci ana rubuta SOMME ne a maimakon SUM, kuma jerin haruffan da ke kan allon bugawa ya fara ne da AZERTY, ba QWERTY ba.

Kwanan wata ma haka yake. Idan Ba'amurke ya rubuta 03/04/2025, yana nufin 4 ga watan Maris. Idan Bature ɗan Ingila ne, 3 ga watan Afrilu yake nufi. Bambancin wata guda ke nan a kan ranar biyan kuɗi ko ranar lodin kaya.

Maganin wannan shi ne a rubuta sunan watan da haruffa, ko a bi tsarin ISO 8601 da aka fara fitarwa a 1988, wanda ke farawa da shekara, sai wata, sai rana: 2025-04-03.

Kuɗi ma suna da lambobinsu masu haruffa uku-uku. USD dalar Amurka ce, domin Kanada da Ostireliya da Singafo su ma da dala suke amfani. NGN naira ce, GHS sidin Ghana, CNY kuma kuɗin China.

Sefa kuwa iri biyu ce: XOF ta Afirka ta Yamma wadda Nijar ke amfani da ita, da XAF ta Afirka ta Tsakiya wadda Kamaru da Chadi ke amfani da ita. Darajarsu ɗaya, domin kowacce an ɗaure ta ne a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, amma bankunan da ke buga su daban-daban ne.

Agogo da ranakun hutu

Ana son ɗalibi ya iya amfani da kalandar kwamfuta wajen shirya taro tsakanin ƙasashe, domin ita ce ke juya lokaci da kanta.

Idan ƙarfe tara na safe ta yi a Kano ko Yamai, ƙarfe goma sha biyu ta yi a Dubai, ƙarfe huɗu na yamma kuma a Guangzhou. Landan kan yi daidai da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sannan ta koma baya da sa'a ɗaya a sauran watannin.

Ranakun aiki ma sun bambanta. Tun 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, yayin da gwamnatin tarayyar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi daga Janairun 2022, tare da aikin rabin yini ranar Juma'a.

A China kuwa masana'antu da dama kan rufe lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu. Haka nan an toshe Gmail da WhatsApp a ƙasar, shi ya sa 'yan kasuwarta suka fi amfani da WeChat.

Wasiƙa da takardu

Duk da yawaitar manhajojin hira, wasiƙar imel ita ce har yanzu shaidar da kamfanoni suka fi komawa gare ta idan gardama ta taso.

Wasiƙar kasuwanci tana buƙatar take mai bayyana abin da ke ciki, kamar lambar odar kaya, da jimloli gajeru, domin mai yiwuwa wanda zai karanta ba da harshensa aka rubuta ba. Ya kamata kuma ɗalibi ya san bambancin gurbin CC, inda kowa ke ganin adireshin kowa, da na BCC, inda ake ɓoye su.

Takardar da aka kammala, kamar ta neman biyan kuɗi, ana aika ta ne a nau'in PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, saboda tsarinta ba ya wargajewa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Wadda ake kan tattaunawa a kanta, kamar daftarin yarjejeniya, ana aika ta a Word tare da kunna tsarin da ke nuna wanda ya gyara me.

Akwai tarko a nan. Jadawalin da aka aika wa mai saye zai iya ƙunsar ɓoyayyen shafi mai ɗauke da ainihin farashin da aka sayo kayan da ribar da ake nema. Ɓoye shafi ba goge shi ba ne.

Neman sahihin bayani

Kowane kaya da ke tsallake iyaka yana da lamba. Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ce ke kula da tsarin, wanda ake kira HS, kuma ya fara aiki a 1988.

Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashe da yankuna fiye da 200, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata. Lambar riɗi, alal misali, ita ce 1207.40. Da wannan lamba ake gano harajin da za a biya, kuma kuskure a cikinta kan sa kaya su maƙale a tashar jiragen ruwa ana cajin kuɗin ajiya.

Da ita kuma ɗalibi zai shiga rumbun bayanan Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko shafin Trade Map na Cibiyar Ciniki ta Duniya da ke Geneva, ya ga ƙasashen da suka fi sayen wani kaya da waɗanda suka fi sayarwa.

Sai kuma ƙa'idojin Incoterms, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936. Bugun 2020 yana da ƙa'idoji 11. A ƙarƙashin FOB, mai saye ne ke biyan kuɗin jirgi. A ƙarƙashin CIF, mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora, amma duk da haka kasadar kayan tana komawa kan mai saye da zarar an loda su.

Wanda ya kwatanta farashin FOB da na CIF a jadawali ɗaya kamar abu guda ne, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

A Najeriya, ta intanet ake cike takardar Form M ta masu shigo da kaya da ta NXP ta masu fitarwa. Manyan kamfanoni kuma suna haɗa sayayya da sito da albashi a manhaja ɗaya, irin ta kamfanin SAP da aka kafa a Jamus a 1972. Ba a buƙatar ɗalibi ya iya gina irin wannan manhaja, amma ana son ya gane cewa adadin da ya shigar a Kano zai iya bayyana nan take a rahoton hedikwata a wata nahiya.

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shiga aikin ɗalibai. Suna taimakawa wajen fassara da tsara wasiƙa da rubuta umarnin jadawali, to amma sukan ƙago abin da babu shi. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a na bogi da manhajar ta ƙirƙiro musu.

Duk adadin da irin wannan manhaja ta bayar, sai an koma tushensa an tabbatar. Kuma bai kamata a zuba mata sirrin kamfani ba.

Tsaro daga 'yan damfara

Damfarar da ta fi addabar masu cinikin ƙetare ita ce ta sauya asusu. Ɗan damfara kan yi kutse a imel ɗin kamfani, ko ya buɗe adireshi mai kama da nasa da bambancin harafi ɗaya, sannan ya aiko da saƙo cewa an sauya asusun banki.

Hukumar FBI ta Amurka ta ce asarar da aka kai mata ƙara a kanta ta wannan hanya a 2023 ta kai kimanin dala biliyan 2.9.

Manya ma ba su tsira ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yaudari kamfanonin Facebook da Google suka tura masa fiye da dala miliyan 100, ta hanyar yin sojan gona da sunan wani kamfanin Taiwan da ke sayar musu da kayan aiki. A 2019 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyar a Amurka.

Kariyar ba ta da tsada: duk saƙon da ya ce an sauya asusu, a buga waya a lambar da aka daɗe da sani a tabbatar, ba a lambar da ke cikin saƙon ba.

A watan Fabrairun 2016 masu kutse sun sace dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangladesh. Amma an tare wasu dala miliyan 20 da suka nufi Sri Lanka, saboda wani banki da kuɗin suka biyo ta cikinsa ya lura an yi kuskuren harafi a sunan ƙungiyar da za ta karɓa.

Bayan lura, sai kalmar sirri mai tsawo, kowane shafi da tasa, da kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, inda ake buƙatar wata lamba daga waya bayan kalmar sirrin.

Ajiye kwafin bayanai ma wajibi ne. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta durƙusar da kamfanin Maersk, wanda a lokacin shi ne mafi girma a jigilar kwantena a duniya. Kamfanin ya ce ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300, kuma sai da ya sake ɗora manhajoji a kan kwamfutoci 45,000.

Mujallar Wired ta ruwaito cewa kwafi ɗaya tak na wasu muhimman bayanai ne ya tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana, domin an ɗauke wuta a can kafin harin ya iso.

Shawarar da masana tsaro ke bayarwa ita ce a ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban.

Dokar kare bayanai

Sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu amana ce da doka ta kare. Dokar Tarayyar Turai ta GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta shafi har kamfanonin da ke wajen Turai muddin suna sayar wa mutanen da ke cikinta. Tarar takan kai yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Najeriya ma ta kafa tata dokar kare bayanai a 2023.

Ina ake koyo?

Baya ga darasin jami'a, akwai takardun shaida da ake karɓa a ƙasashe da dama. Ɗaya ita ce ICDL, wadda ta samo asali a Turai a shekarun 1990, kuma cibiyarta tana Dublin. Wata ita ce MOS ta kamfanin Microsoft, wadda ake jarrabawarta a kan Word da Excel da PowerPoint.

Wanda ba shi da halin sayen manhaja zai iya sauke LibreOffice kyauta, kuma tana aiki ko babu intanet. Google Sheets ma kyauta ce, tana kuma ba mutane da yawa damar aiki a kan jadawali ɗaya daga garuruwa daban-daban.

Waya takan wadatar wajen duba saƙo, amma gina jadawali mai tsawo yana buƙatar kwamfuta, ko da ta ɗakin karatun makaranta ce.

Hanya mafi sauri ta gane ko an iya ita ce ɗalibi ya zaɓi kaya ɗaya da ya sani, riɗi ko citta ko zoɓo ko fata. Ya nemo lambarsa ta kwastam, ya gano ƙasashe uku da suka fi sayensa, ya lissafa kuɗin kai kwantena ɗaya da naira da dala, ya rubuta wasiƙar tayi mai ɗauke da kwanan watan da ba zai ruɗar da kowa ba.

Daga nan sai ya sauya farashin canji, ya ga ko ribar tana nan, sannan ya miƙa wa abokin karatunsa jadawalin ya nemo masa kuskure.